Babbar riga a jikin kwano

A Gawon Nama da ke Sakkwato, kafin na'urar buga hoto ta mamaye tallace-tallace, tela kan kai wa mai zane falankin katako ko guntun kwano ya ce a zana masa mutum sanye da babbar riga. Idan na ci karo da irin wannan tsohon allo, rigar nake tsayawa kallo. Fuskar ba ta cika damuna ba, domin yawanci a sandare take, ido biyu da gashin baki kawai.

A kan shaddar rigar ne mai zanen yake zuba basirarsa. Sai ya fara shimfiɗa shuɗi mai duhu, ya bari ya sha iska, sannan ya ɗauko buroshi da ɗan farin fenti ya ja shi sama-sama inda rigar ta naɗe a kafaɗa. Nan take ƙyallin bugu ya fito, har ka ji kamar yanzu aka ɗauko ta daga wurin masu bugu. Aikin wuya kuwa, aska takwas ko aska biyu, da tsinin buroshi yake bin sa ɗigo-ɗigo, don ya san mai zuwa ɗinki zai ƙirga askakin.

Ranar Sakkwato ba ta raga wa fenti. Ja ne ke fara gudu, shi ya sa hular dara kan koɗe ta bar rigar da sauran ƙarfinta. Hotunan roba na yau sun fi kama da mutum, amma shadda ɗaya ce ake kwafowa daga intanet, kuma za ka same ta a ƙofar shago biyar a layi guda.