LAKE GENEVA: GARIN DA AKA HAIFI MATSAFA A ƊAKIN GYARAN TAKALMA

Duk wanda ya kalli fim ɗin Dungeons & Dragons na 2023 ba zai manta da Simon ba, matsafin nan da Justice Smith ya fito a matsayinsa. Jinin Elminster ne, gawurtaccen matsafi, amma shi gogan sai 'yan dabaru a dandali yana yashe aljihun 'yan kallo. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To Simon kam rarrafen yake yi.

Fim ɗin daga wani wasa aka ciro shi, wasan kuma mahaifarsa Lake Geneva ce, wani ɗan gari a jihar Wisconsin ta Amurka, tafiyar ƙasa da awa biyu a mota daga Chicago. Mutanensa ba su wuce dubu takwas da 'yan kai ba. Baƙo zai fara cin karo da tabki, sai tamfatsa-tamfatsan gidajen da attajiran Chicago suka gina a bakinsa. Da hunturu ruwan kan daskare har a taka.

Masoyan wasan ba tabkin ke kai su ba. Wani gida suke nema a titin Center, gidan da ba zai sa ka waiwaya ba. A ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa Gary Gygax ya riƙa gyaran takalma bayan ya rasa aikinsa a kamfanin inshora. A nan ya rubuta dokokin wasan da shi da Dave Arneson suka ƙago, aka buga kwafi 1,000 a 1974. Ba allo, ba kyamara: takarda ce da fensir da ƙwayar lido, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, mutum ɗaya ya ja labarin.

To, su wa ya fara gwadawa da su? 'Ya'yansa! Ernie ya jujjuya haruffan sunansa, Ernest, ya samu Tenser; ƙanensa Luke ya zo da Melf daga baya; uban kuma Mordenkainen. Har yau akwai sihirce-sihirce a littafin wasan masu ɗauke da sunayen nan.

Sai dai duk waɗannan matsafan karatu ne, masu haddar littafi. Irin su Simon, waɗanda sihirin ke cikin jininsu, sai a 2000 suka samu gurbinsu, bayan Wizards of the Coast ya saye kamfanin a 1997, harkar ta bar garin. Mai irin wannan jarumi dole ya zauna ya tsara asalinsa: wane ne kakansa, wa ya gada, dangi na alfahari da shi ko ɓoye shi suke yi? Nan fa daɗin yake, don gado kaya ne. Dubi yadda Simon ke rawar jiki gaban kakan nasa, ashe kansa yake tsoro.

Gygax ya rasu a 2008, Ernie a 2025. Taron tunawa da uban, Gary Con, da aka fara a 2009, shi ke cika garin da baƙi a watan Maris, kowa riƙe da takardar jaruminsa.