Kafin ka sayi sabon katin hoto, duba zafi da wuta



Tun da bazara ta kama, kukan da nake ji wajen samari masu kwamfutar wasa iri ɗaya ne, daga nan Gidan Sori har Gidan Rumji da Maraɗi. Ana tsakiyar wasan ƙwallo ko GTA, sai allo ya tsaya cak, ko wasan ya rufe kansa, ko kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta. Nan take sai a yanke hukunci: katin hoto ya lalace, a kawo kuɗɗin sabo. Ni sana'ata gyaran waya da kwamfuta ce, kuma sau da yawa in na buɗe, komai lafiya lau. An dai ɗora wa na'urar kayan da suka fi ƙarfinta a ƙasa mai zafi.

Bari in yi bayani. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, da katin hoto, da RAM, kowanne akwai gudun da kamfani ya tsara masa. Wasu masu wasa sukan shiga BIOS su ƙara wannan gudun, su ƙara ƙarfin wutar da ke shiga ciki don ya jure. Shi ne ake ce wa obakulok. Ribar ƴar kaɗan ce, amma zafin ba kaɗan ba ne: in ka ƙara ƙarfin wutar da kashi 10 cikin ɗari, zafin da furosesa ke fitarwa yakan ƙaru da kusan kashi 20, tun ma ba a lissafa na ƙarin gudun ba.

To, masu koyar da wannan a YouTube yawancinsu suna Turai ko Amurka, cikin ɗaki mai digiri 20 zuwa 25. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu, 40 ba labari ba ce, balle ɗakin kwano da rana tsaka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take hurawa. Saboda haka furosesar da ke tsayawa a digiri 80 a can, a nan za ta taɓa 95 ko 100, kuma a nan ne mafi yawansu ke rage gudu da kansu, in abin ya ƙi su kashe kwamfutar. Ƙara da ƙurar hunturu da ta kwana wata uku cikin akwatin, ka ga inda aka dosa.

Kwanaki ɗan yayana ya kawo mini tasa, ta hannu ce da ya sayo a Kano. Yara ke biya su yi wasa a kanta da yamma, da ita yake samun na cefane. Ta fara mutuwa duk bayan minti ashirin, yara suna neman a mayar musu da kuɗɗinsu. Har ya shirya kai awakinsa biyu kasuwa don sayen kati. Na ce masa, "Ɗana, bar awakin nan tukuna, ka ba ni yini biyu." Ya ce, "Baba, ai an ce katin ne." Da na shiga BIOS sai na tarar wanda ya riƙe ta da farko ya ƙara mata gudu, ya sayar da ita a haka. Na mayar da komai yadda kamfani ya tsara, na hure ƙura, na sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, wanda ya bushe kamar ƙanzo. Ta yi awa shida tana wasa ba ta motsa ba.

Ga tsarin da nake bi, kuma kowa zai iya. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, sannan a wuce gaba. In ka sauya uku tare ta gyaru, ba ka san wanne ne ciwon ba.

Farko a mayar da BIOS asalinsa. In kwamfutar ta ƙi tashi, a cire ta daga wuta, a zare ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, na ƴan mintuna. A kashe XMP ma, don shi ma ƙarin gudu ne ga RAM, ko da an rubuta 3200 a jikinta. Na biyu a saka manhaja irin HWiNFO a ga zafi lokacin da ake wasa. Na uku a gwada RAM da MemTest86 a bar ta ta kwana; kuskure ko guda ɗaya ne, akwai magana. Sai na huɗu, a goge direban katin hoto a saka sabo. Alamomin ma suna magana: ɗige-ɗigen launi a allo sun fi nuna kati, shuɗin allo yakan nuna RAM ko furosesa, mutuwa farat ɗaya ba saƙon komai kuwa a fara zargin wuta ko zafi.

Maganar wuta fa babba ce a wajenmu. Kuran ɗin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023, har zuwa Maris 2024. Tun lokacin da yawa suka koma gurup da sola. Ƙaramin gurup yakan yi sama da ƙasa, kuma kwamfutar da aka ƙara wa gudu ita ce ta fi kasa jure haka, musamman in akwatin wutarta mai arha ne. Na'urar daidaita wuta mai kyau ta fi sabon kati amfani a irin wanga hali.

Kar a ɗauka kuma cewa kamfanonin ba sa kuskure. A 2024 Intel ta amince cewa wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna jan wutar da ta wuce kima, wasanni suna rufewa, har ta fitar da gyaran da ake sakawa ta BIOS, ta ƙara garanti shekara biyu. Wanda ke da irinsu ya sabunta BIOS tun kafin lahani ya kama, don wanda ya riga ya kama ba ya komawa.

Shawarata ga ƙannena: daga Maris zuwa saukar damina, ku bar kwamfuta a gudunta na asali. Ku ɗaga ta daga ƙasa, ku buɗe mata iska, ku hure ƙura duk wata. Mai sayen ta hannu kuma ya ce a buɗe masa BIOS a gabansa, a kunna wasa na rabin awa kafin ya ƙirga kuɗɗi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu.