Gangarar da muka gina ba mu tambayi masu ita ba

Mu uku ne aka zaɓa daga tsangayarmu zuwa majalisar ƙungiyar ɗalibai a bara, kuma cikinmu babu wanda ya haura shekara 21. Da aka zo rabon kwamitoci kowa ya yi ta rububin na wasanni da na walwala, mu kuwa aka tura mu kwamitin ɗalibai masu buƙata ta musamman, wanda babu mai so. Maganar gaskiya, ranar ba mu ji daɗi ba.

Ba mu yi wata guda ba sai ga abin da ya tashe mu tsaye. Wata ɗaliba 'yar aji uku mai amfani da keken guragu ta rasa gwaji mai maki 20, saboda da safiyar ranar aka mayar da ɗakin gwajin saman bene. Samarin ajin suka ce za su ciccibe ta da kekenta su hau da ita, ta ce a'a. Nan ƙasan matakala ta zauna har aka gama. Wasu suka ce girman kai ne, mu ma da farko haka muka ɗauka, sai daga baya muka tambayi kanmu: wace budurwa ce za ta so maza huɗu su riƙa ɗaukarta a gaban jama'a duk ranar da za ta shiga aji?

Cikin zafin rai muka yanke shawarar yin abin da kowa zai gani. Ƙofar ɗakin karatu tana da matakala uku, don haka muka ce za mu yi mata gangara ta siminti. Muka yi karo-karo, muka bi aji-aji da kwali, muka sayi siminti da yashi, muka ɗauko magini. Cikin kwana biyu aka gama. Muka ɗauki hotuna muka watsa a Facebook da WhatsApp, yabo ya yi ta zuwa, kanmu ya fasu. Sannan muka gayyato wannan baiwar Allah ta zo ta buɗe.

Ta zo, ta dubi gangarar ta yi shiru, sannan ta tura kekenta. Ba ta kai rabi ba ƙafafun gaba suka ɗaga, keken ya yi baya zai kife, sai da ɗayanmu ya yi wuf ya tare. Da ta dawo hayyacinta ta dube mu ta ce, "Honorabul, wa kuka tambaya kafin ku yi wannan?" Muka ce, "Yaya, mun ɗauka..." Muka kasa ƙarasawa, domin babu wanda muka tambaya.

A wurinta muka fara jin ƙa'idar da masu zanen gini ke bi: duk tsayin mita 1, gangara tana buƙatar tsawon mita 12. Matakalar nan uku sun kai kusan rabin mita, ke nan mita 6 ya kamata mu yi. Tamu mita 2 ce. Kuɗin jama'a muka kashe muka gina abin da zai iya karya mutum.

Mako na gaba muka yi abin da ya kamata mu fara da shi. Muka kira zama a ƙarƙashin wata darbejiya, ɗalibai 11 suka zo, muka ɗauki biro muka yi shiru. Wani ɗalibi makaho ya ce shi matakala ba ta dame shi ba, damuwarsa kwalbatocin da aka bari a buɗe da baburan da ake ajiyewa a kan hanyar tafiya. Ya ce malami yakan nuna allo ya ce "ku haɗa wannan da wancan", shi kuwa bai san wanne ne wannan ba. Da za a riƙa turo masa darasi a rubuce ta waya, manhajar da ke karanta rubutu da murya za ta karanta masa. Wata kurma ta rubuta mana a takarda cewa malami yakan juya baya yana rubutu yana magana, ita kuwa leɓensa take kallo, kuma idan an sauya lokacin lacca da baki ake sanarwa, ita ce ta ƙarshen sani. Wani zabiya ya ce kujerar gaba yake buƙata da takardar jarrabawa mai manyan baƙaƙe.

Yayarmu mai keke ce ta yi magana a ƙarshe. Ta ce ƙofar banɗakin tsangaya ta yi wa kekenta kaɗan, don haka tun asuba ba ta shan ruwa sai ta koma masauki da yamma, ko da a watan Afrilu ne. Shekara uku tana haka, muna aji kusa da nata, ba mu taɓa sani ba. Lallai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ita ce kuma ta nuna mana cewa akwai doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018. Dokar ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara yadda nakasassu za su iya shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikatar da ta nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ce nakasasshe yana da haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa don bin wannan doka. Karanta ta ya sauya mana harshe: da muna rubuta "muna roƙon a taimaka", yanzu muka koma "muna tunatarwa".

Da muka je ofishin da ke kula da harkokin ɗalibai, tare da huɗu daga cikinsu muka je. Amsar farko ita ce wadda muka yi tsammani, babu kuɗi. Sai ɗalibin nan makaho ya ce, "Ranka ya daɗe, mun raba buƙatunmu gida uku. Na farko ko kwabo ba sa ci." Ya lissafo su da ka: duk ajin da ke da mai keke a bar shi a ƙasa, a riƙa tura sanarwa a rubuce, a ware kujerun gaba, a hana ajiye babura a hanya. Kashi na biyu masu ɗan kuɗi ne, irin su murfin kwalbati da buga manyan baƙaƙe. Na uku su ne gyaran banɗaki da ɗaukar mai fassara da maganar hannu.

Sau biyar muka koma ofishin nan kafin a sa hannu a kashi na farko. Yayarmu ta sake rubuta gwajinta bayan wata biyu. An rufe kwalbatoci bakwai. Ƙofar banɗaki kuwa har yau tana nan yadda take, muna ci gaba da rubuta takarda. Gangararmu ma tana nan, masu baro ne ke morarta, mu kuwa duk lokacin da muka wuce sai mun sunkuyar da kai. Abin da muka fi alfahari da shi shi ne gyaran da muka kai majalisa, cewa daga yanzu ɗaya daga cikinsu ne zai riƙa shugabantar kwamitin.

Ƙannenmu, kada ku jira sai kun zo jami'a. Cikinku akwai monitoci da firfet-firfet, kuma shugaban makaranta yana jin maganarku fiye da yadda kuke zato. Ku duba ajinku: wa ke kasa hango allo, wa ba ya jin malam daga baya, wa ya daina zuwa tun da aka mayar da ajin sama? Ku kira shi da sunansa, ku daina "gurgu" da "kurma". Kada ku kama keken mutum ko sandarsa sai da izininsa. Idan kuna da abokin karatu makaho, ku gaya masa hukumar JAMB tana da tsari na musamman na jarrabawar makafi tun 2017, kada ya cire rai da jami'a. Kafin ku tara ko naira ɗaya da sunan taimako, ku zauna da mai abin ku tambaye shi me yake buƙata, sannan ku tafi ofis tare da shi. Allah Ya ba ku sa'ar karatu.