Tsohuwar Mota Da Tsagaggen Fenti

Ya ku 'yan makaranta, kun sha jin an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, tsohuwar mota ma haka take. Mu muna cikin masu sha'awar motocin dā, irin waɗanda a ke adanawa domin tarihi, kuma ba abin da ke tayar mana da hankali kamar mu ga fentinsu ya tsattsage, sai ka ce laka in tafki ya ƙafe. Ta wannan kafa ruwa ke shiga ya tarad da ƙarfe, tsatsa ta kama ci a ɓoye, har ran da gyara zai gagara.

Ga asalin abin. Tun can farko, fentin mota yakan ɗauki makonni kafin ya bushe. Sa'an nan kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wani mai suna Duco, aka fara fesa shi a motocin Oakland na 1924. Da zaren tsiro irin na auduga a ke harhaɗa shi, yana kuwa bushewa da sauri ƙwarai. Amma fa irin wannan fenti, yadda shekaru ke tafiya haka ya ke ƙara ƙeƙashewa. Shi kuwa ƙarfe in ya sha rana sai ya buɗa, in sanyi ya sauka ya tsuke. Ƙarfe na motsi, fenti ya kasa binsa, dole ya tsage. Balle an yi ta maimaita fenti bisa fenti har ya yi kauri.

Sau da yawa mun ga mai gaggawa ya fesa sabo a kan tsagar, mota ta fito tana walƙiya kamar amarya. Af, ashe tsagar tana nan kwance! Ba a daɗewa sai ta sake ɓullowa, kuɗi sun tafi a banza.

Gwanayen da muka zauna wurinsu ba haka su ke yi ba. Da fari sukan jiƙa tsumma da ruwan tsinka fenti, su goga a wani lungu. In launi ya biyo tsumman, sun san irin na dā ne, watau sai a nemi wanda zai zauna da shi lafiya. Sa'an nan su kankare wurin da samfefa har su wuce iyakar tsagar, in ta kama har ƙarfe ya bayyana. Sukan rufe hanci da baki, domin wasu tsofaffin fenti akwai dalma a ciki, ƙurarsu guba ce. Su kawad da tsatsa sarai, su rarage gefen wurin har yatsa ya bi bai ji tudu ba. Daga nan su shimfiɗa fentin ƙasa, su bar shi ya bushe, su goge, kana su fesa launi kaɗan kaɗan, suna dakatawa tsakani.

Abin lura, yawancin wahalar nan tana cikin aikin da ido ba zai ƙara gani ba bayan an gama. Ku ma in kun iske ɓaraka a karatunku, ko a wata sana'a da kuka kama, kada ku lulluɓe ta domin kunya. Ku tono ta tun tana ƙarama, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.