Sunan Tanko

Tanko laƙabi ne da Hausawa ke yi wa namijin da aka haifa bayan 'yan'uwa mata. Kakanni ne kan raɗa shi, har ya danne sunan yanka. Fatauci ya kai shi nesa: daga Kano, mahaifar Tanko Yakasai na tsohuwar jam'iyyar NEPU, har zangon Kumasi a Ghana, garin tsohon ɗan ƙwallo Ibrahim Tanko.

Yanzu da wuya a ji shi a kan jariri, musamman a birane. Kunyar kiran sunan yanka ta ragu, kuma iyaye sun koma ga Khalifa, Amir da Walid. A karkara yana da sauran ƙarfi. A takardun makaranta kuwa, galibi ya zama sunan uba ko kaka.