Rawanin Baba Buzu

Mu mutanen Wudil ruwa muka sani da yashi. Yaro zai tashi ya iya iyo a kogi tun bai iya wanke allonsa ba, ya san kan gada, ya san kara ranar Juma'a, amma in ka ce masa dutse, iyakar abin da zai zo masa a rai shi ne Dala ko Goron Dutse, waɗanda yakan hango in an shiga birni da shi. Ni ma haka na tashi. Har na shiga jami'a ban taɓa hawan abin da ya wuce Dala ba, shi ma ran da muka hau sai da na zauna sau biyu a kan matakala ina haki. Don haka duk wanda ya san ni, in ya ji an ce na hau Bagazam, dutsen da ya fi kowane tsawo a Jamhuriyar Nijar, cewa zai yi an yi mini ƙarya. To, na hau, amma amana ce ta kai ni.

Akwai wani Buzu da yake sauka a zauren gidanmu kowane rani tun zamanin kakana. Mu yara Baba Buzu muke ce masa. Da can cikin ayari yake zuwa, raƙumansa ɗauke da kantun gishirin Balma da dabino, daga baya ya koma shigo mota. Ya sayar wa masu shanu, ya sayi gero da tufafi, ya koma kafin ruwa ya sauka. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, mun raina mutumin nan. Mukan tsaya a ƙofar zaure muna tsokanarsa, wai Buzu ba shi da gari, inda dare ya yi masa nan ne gida. Shi kuwa sai ya gyara amawali, ya ci gaba da fifita gawayin shayinsa.

A ranin 2007 ya ba mahaifina kuɗi, ya ce a sayo masa rawani ɗan Kura na ƙwarai, don ɗansa ya kusa isa naɗi, in ya dawo baɗi ya karɓa. A wurin Buzaye saurayi ba ya shiga sahun maza sai an naɗa masa rawani, kuma babu rawanin da suke darajantawa kamar turkuɗin da ake rinawa a buga a nan Kura tamu, wanda mu Kanawa da yawa ba mu ma san kuɗinsa ba. Mahaifina ya je Kura da ƙafarsa ya zaɓo, aka naɗe shi a takarda, ya sa a adaka. A shekarar nan tawaye ya sake ɓarkewa a ƙasar Azbin, bai lafa ba sai 2009. Baba Buzu bai dawo ba, ko saƙo babu.

Shekara goma sha ɗaya rawanin nan yana adaka. Cikin daminar 2018, da ciwo ya tsananta wa mahaifina, ya kira ni ya ce, "Rawanin nan ba namu ba ne. In ban tashi ba, ka kai musu." Na ce, "To, Baba." Bai tashi ba kuwa, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bar mini kawai sunan mutumin da na ubansa, da cewa garinsu a kan Bagazam yake.

Da hutun Disamba na kama hanya: Kano, Daura, Damagaram, Tanut, har Agadas, inda na kwana biyu ina kallon hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsawon mita 27. Daga nan na hau motar albasa da za ta koma wayam zuwa Tabelot, a gindin dutsen ta gabas. Hausa ba ta yanke mini ko'ina ba, don mutanen wurin nan fatauci ya koya musu ita tun kaka da kakanni. Ina faɗar sunan a kasuwa wani dattijo ya nuna sama da haɓa, ya haɗa ni da wani yaro mai jakuna uku da zai koma.

Bayan sallar asuba muka doshi dutsen. Jama'a, abin da muke kira dutse a gida wasan yara ne! Wannan bango ne baƙi ƙirin, ya tokare gabas da yamma, ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshensa ba. Ni ga ni da sabon kambas da jakar goyo, yaron kuwa, wanda bai fi shekara goma sha uku ba, faɗe ne na tayar mota a ƙafarsa.

Da farko ta cikin wani kwazazzabo muka bi, tsakanin duwatsu masu girman ɗaki. Sannan hanyar ta miƙe tsaye, tana karkata dama da hagu kamar sawun maciji, faɗinta bai wuce na jaki da kayansa ba. Yaron ya koya mini abu biyu. In jakuna na saukowa da buhunan albasa, in manne da jikin dutse, kada in kuskura in tsaya ta bakin rami, don buhu ɗaya ya isa ya ture ni. Na biyu, in daina dogon taku, in riƙa tafiya irin ta tsohuwa. Na ji na farko, na yi wa na biyu kunnen ƙashi, don ina ganin ɗan jami'a ba zai karɓi darasi daga mai jaki ba. Kafin hantsi gwiwoyina sun soma kaɗawa, kambas ya sale mini dunduniya, ruwan gorata ya kusa ƙarewa.

Akwai wani wuri da ba zan manta ba. Hanyar ta ratsa ta kan wani falalen dutse mai santsi, hagu bango, dama kuwa babu komai sai iska. Na yi kuskuren leƙawa, na hango itatuwan ƙasa kamar tsirin gero. Nan take ƙafafuna suka ƙi. Na durƙusa na rungume dutse, ba gaba ba baya. A nan ne Shaiɗan ya zo mini da shawara mai daɗi: ga yaro ɗan garin, ba shi rawanin mana ya kai, ai an sauke amana ke nan. Har na zuge jaka. Sai ga wata tsohuwa ta taho daga baya, ɗan akuya a kafaɗarta, ta raɓa ni ta bakin ramin nan, ta ce, "Sannu Bahaushe, rana tana yi." Ta wuce abinta. Kunya ta yi mini abin da ƙarfin hali ya kasa. Na mayar da zik, na rarrafa da hannu da gwiwa har na ƙetare, yaron yana ta faman duban jakunansa don kada in ga yana dariya.

Wajen azahar muka kai sama. Na zaci tsini zan tarar, ashe fili ne shimfiɗaɗɗe mai garuruwa, da gidajen dutse, da masallaci, da lambuna kore shar. Ga albasa, ga tafarnuwa, ga alkama, ga itatuwan ɓaure da rumman, raƙumi yana jan guga daga rijiya, ruwa yana bin kwalbati. Na tsaya ina tuna waƙar tsokanar da muke yi a ƙofar zaure.

Baba Buzu yana da rai, amma idonsa ya tafi. Na gaishe shi, na faɗi daga inda nake. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan maigidana ne? Yaya maigidan?" Duk hawan da na yi bai kai amsar nan wuya ba. Da na faɗa masa, ya ja amawali ya rufe fuska gaba ɗaya, aka daɗe ba wanda ya ce uffan. Na miƙa masa ƙunshin. Ya warware takardar, ya shafa, ya kai hanci ya shinshina, ya ce, "Kura." Ɗan da aka saya dominsa an yi masa naɗi tuntuni da wani rawanin, yana ma can arewa wajen haƙar zinariya, inda samarin ƙasar suka yi ta kwarara tun 2014. Tsohon ya ce za a ajiye wa jikansa. Ya tambaye ni ko har yanzu ana kama kifi a ƙarƙashin gada, ya kuma tambayi wane ne a cikinmu mai jefa masa tsakuwa a buta. Na ce yayana ne. Allah ya yafe mini, ni ne.

Daren nan na sha sanyin da ban taɓa sha ba, ruwan alwala kamar ya yanke yatsu. Da safe ya ce tun da na zo, a kai ni ƙololuwa in ga inda gishirinmu yake fitowa. Sunan wurin Idukal-n-Tagas, tsawonsa mita 2,022 daga bakin teku, Dala kuwa 534. Wannan karon tafiyar tsohuwa na yi, ban zauna ba sai sau ɗaya, ko da yake ƙarshen hawan da hannu aka yi shi, daga wannan dutse a kama wancan.

A can sama iska ce kawai take magana. Arewa da yamma duwatsun Azbin ne jere bayan jere, baƙaƙe da jajaye, busassun koramu sun ratsa su kamar jijiyoyin bayan hannu, ko'ina ka ga ɗan kore to akwai rijiya da mutane. A nan ne Gobirawa suke cewa kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Gabas kuwa duwatsun suna ta ƙanƙancewa har su ƙare, daga nan sai wani fari-fari mai ruwan ƙasa wanda ba ka iya raba shi da sama. Jikan ya nuna da sanda ya ce Tenere ke nan. Ta cikinta ayari yake bi wajen watan Oktoba zuwa Fashi da Balma, kimanin wata guda zuwa da komowa, a huta kaɗan, sannan a doshi ƙasar Hausa. Kakansa ya ratsa ta fiye da sau ashirin, in ji shi, kafin ya zo ya shimfiɗa buzunsa a zaurenmu.

Na juya kudu ina neman inda Wudil take, ban ga komai ba sai hazo. Da na ɗaga hannu zan kare rana, sai na ga tafina ya yi shuɗi, babar rawanin ce ta bi hannun tsohon ta kama nawa da muka yi musafaha. Yaron ya ce mu sauka tun rana ba ta yi ba, don sauka ta fi hawa cin gwiwa.