Na Ji Japan, Ban Ji Sabon Birni Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san rediyo tun bai san karatu ba. Daga Sabon Birni zuwa Isa, daga Gatawa zuwa Bafarawa, a da ba ka rasa dattijo a gindin bishiya da rediyo manne a kunne, yana murɗa gajeren zango yana neman BBC ko Jamus ko Muryar Amurka. Mun san mita 19, mun san mita 25, ko da ba mu san me ake aunawa ba. Sai dai duk rediyon da muka sani baki gare shi, ba shi da kunne. Landan ta yi magana, mu namu saurare. Akwai wani iri da ake ji kuma a mayar da magana, kuma labarinsa nake so in ba 'yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashenmu na lantarki.

Ana ce masa rediyon 'yan sha'awa. Ba gidan rediyo ba ne, ba a talla a kansa, ba a sa waƙa. Mutum ne zai nemi lasisi daga gwamnati, a ba shi lambar kira tasa shi kaɗai, a kuma keɓe masa wasu mitoci da zai yi magana da takwarorinsa ko'ina a duniya, ba da layin waya ba, ba da intanet ba. Lambar ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta maƙwabtanmu 'yan Nijar da 5U. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris tun 1925, kuma Najeriya na da tata ƙungiyar mai suna NARS.

Ni a wurin SIWES na gamu da abin, a 2024, a shagon gyaran inbata da kayan sola a nan cikin Sakkwato. Mai shagon tsohon injiniyan sadarwa ne da ya yi ritaya, Bayarabe, amma Sakkwatancinsa ya fi nawa. Ran da ya ji daga Sabon Birni nake, sai ya ce to shi ke nan, Allah ya kawo masa bawansa har gida. Na ce, "Baba, ai kai ne ka biyo ubangidanka Arewa." Kun dai san tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Wannan wasan ne ya buɗe mini ƙofar ɗakin da ba ya barin kowa ya shiga.

A ɗakin akwai sabon rediyonsa, Icom IC-7300, da ɗansa ya aiko masa daga waje. Ɗan akwati ne baƙi da ba zai cika jakar makaranta ba. Yana fitar da wat 100, yana cin bolt 13.8, kuma idan ana magana da cikakken ƙarfinsa yakan ja kusan amfiya 20, don haka batirin sola mai kyau ya ishe shi. Tsohon rediyon Baba sai ka yi ta murɗawa kana lalube kamar mai neman allura cikin duhu. Wannan kuwa yana da ɗan allo da ke nuna maka zangon gaba ɗaya: kowace murya zare ce mai haske tana gangarowa, ka dangwala yatsa a kanta ka ji mai ita. Eriyar kuma ba wata tsiya ba ce. Wayar tagulla ce, kusan mita 10 tsawonta, an raba ta biyu an ɗaure tsakanin sandar ƙarfe da darbejiya.

Ƙarshen makon 26 da 27 ga Oktoba aka yi gasar CQ World Wide ta murya, wadda ake yi kowace shekara a ƙarshen Oktoba. Awa 48 ce cur, daga ƙarfe ɗaya na daren Juma'a wayewar Asabar agogonmu. Dokar mai sauƙi ce. An yanka duniya shiyya 40, Najeriya da Nijar da Gana duk muna shiyya ta 35. Idan ka sami wani, za ka faɗa masa ƙarfin muryarsa da lambar shiyyarka, shi ma ya faɗa maka nasa, a rubuta, a wuce. Ba gaisuwa, ba ina gajiya, ba yaya iyali, abin da ya fi ba ni wahala ke nan a matsayina na Bahaushe. Wanda ke wata nahiya maki uku ne, na wata ƙasa a nahiyarku maki ɗaya. A ƙarshe a ninka makin da yawan ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowace mita.

Wannan ninkin shi ne sirrin abin. Masu lasisi a Jamus ko Japan dubbai ne, a Najeriya kuwa ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka duk wanda ke son makinsa ya ninku, dole ya nemi 5N. Baba ne ke riƙe da makirfo, tunda shi ke da lasisi. Ni aikina kunne da rubutu: in tsinto harufa cikin hayaniya, in shigar a kwamfuta. Kafin mu fara sai da muka kashe inbata da cajojin waya da ƙwayayen fitila na gidan, domin ƙararsu ta cika allon da hazo. Da Baba ya kira sau biyu a mita 15, sai zangon ya ɓarke kamar an buɗe ƙofar rabon taki. Italiya, Jamus, Rasha, Sifen, kowa na ihun lambarsa a kan ta wani. Da safe muka sami Japan, shiyya ta 25. Da yamma Amurka da Barazil suka shigo. A watan ne ma masana suka ce zagayen rana na shekara 11 ya kai ƙololuwarsa, shi ya sa mita 10 ta buɗe tamkar ana magana da maƙwabci. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin ana rububin sunan Najeriya haka ba.

Cikin wannan murnar ne wani abu ya tokare ni. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Lokacin ina Sakkwato wurin kawuna, Inna da ƙannena suna gida. Makonni muka yi, labari sai dai a tasha, daga bakin direbobi, ko idan wani mai layin Nijar ya taka wajen iyaka ya sami sabis. Ranar 17 ga Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka rasu, kuma ta nan hanyarmu take. Wanda bai taɓa kwana yana jiran motar safe don ya ji ko nasa na raye ba, ba zai gane ba.

Sai na ce, "Baba, tunda abin nan ya kai Japan, ai Sabon Birni nan ne bayan gida."

Ya yi dariya ya ce, "Bagobiri, wanga abu na nesa ya sani. Na kusa sai ka roƙe shi."

Ga abin da yake nufi. Igiyar gajeren zango takan tashi sama ta bugi wani rufi na iska mai caji, kusan kilomita 300 a samanmu, ta dawo ƙasa. A mita 20 ko 15 ko 10, wadda ta tafi a karkace ce kawai ke dawowa, ta sauka dubban kilomitoci can. Wadda ta miƙe tsaye sai ta huda rufin ta wuce. Shi ya sa ake samun fili a kewayenka da ba a jin ka sam, kuma Sabon Birni, da ba ta kai kilomita 200 daga nan ba, tana cikinsa. Maganin shi ne ka sauko mita 40 da rana, mita 80 da dare, ka kuma kwantar da eriyar ƙasa-ƙasa, mita biyar ko shida daga ƙasa. Igiyar sai ta tashi tsaye ta zubo kamar wanda ya watsa ruwa a rufin ɗaki. Da haka Sakkwato za ta ji Isa, ta ji Sabon Birni, har Maraɗi. Kan wannan eriyar nake yin furojet ɗina.

To amma kimiyya daban, gida daban. Da na je hutu na yi wa Inna bayani, ta bar ni na gama sannan ta ce, "Kar ka kawo muna wanga abu gida. So kake a ce ɗana infoma ne?" Gaskiyarta. A wajenmu yau, a gan ka da oba-oba kawai ya isa a yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ko daga jami'an tsaro ko daga mutanen daji. Ga shi kuma dokar rediyon 'yan sha'awa ta hana ɓoye magana, duk abin da ka faɗa kowa mai rediyo zai ji, har wanda kake gudu. Don haka ba abin da saurayi zai rataya a gidan ubansa ba ne. Idan zai yi amfani, sai a wuri sananne kamar asibiti ko sakatariya, da lasisi, da sanin hukuma da sarakuna, don saƙon haihuwa da jinya da ambaliya. A Nefal lokacin girgizar ƙasar 2015, da Fato Riko bayan guguwar Mariya a 2017, 'yan sha'awa sun ɗauki saƙonni sa'ad da layuka suka mutu. Waɗanda suka iya kuwa a irin wannan gasar suke koyon tsinto murya cikin hayaniya da lallaɓa batir ya kai safe.

Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai shi ne a kafa kulob na rediyo. Saurare ba ya bukatar lasisi, kuma 'yar na'urar da ake maƙala wa kwamfuta ta isa a fara, kuɗinta bai kai na wayar hannu ba. Mu koyi saurare, mu nemi lasisi ta hanyar da doka ta tsara, a sami ko mutum biyar daga gabashin Sakkwato masu 5N. Ni na kusa fita, amma 'yan ND1 suna da lokaci. Wanda ke so ya ga eriyar, ya same ni a bayan wokshop bayan la'asar, ya zo da filaya.